Littafin Hoto Marar Rubutu Da Amfaninsa Ga Yara

An shirya wannan darasi ne domin hakimai, da dagatai, da malaman da ke riƙe da ofisoshinsu, don su san wani irin littafin yara wanda bai bazu a ƙasar nan ba tukuna, su kuma san yadda za a ci moriyarsa. Littafin nan hotuna ne zalla daga bango zuwa bango. Ban da sunansa da sunan wanda ya zana shi, ba kalma ko ɗaya a ciki. Duk da haka yana ɗauke da labari cikakke, mai farko da tsakiya da ƙarshe, sai dai yaron da ya buɗe shi ne zai fid da labarin da bakinsa. An ɗauki unguwar Television ta Kaduna a matsayin misali, gama damuwar da littafin ke magani ta fi fitowa fili a can, amma abin da za a faɗa ya shafi ko wace gunduma.

1. Halin Da A Ke Ciki A Television

Television tana cikin jerin unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, irin su Kakuri, da Makera, da Barnawa, da Sabon Tasha, tana kuwa cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Masana'antu ne suka cika wannan sashe na gari. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu masaƙu suka biyo bayanta, sa'an nan cikin 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot. Neman aiki ya jawo mutane daga ko wace kusurwa, suka tarad da Gbagyi, waɗanda su ne mazauna wurin tun asali. Yawancin masaƙun sun rufe cikin shekarun 2000, amma jama'a ba su watse ba, don nan aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu. Bayan tarzomar 2000 da ta 2002 kuma mutane da yawa suka yi ƙaura daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa.

Wanda ya leƙa aji ɗaya na firamare a irin wannan unguwa zai ga abin da tarihin nan ya haifar. A benci guda a kan sami yaron da a gidansu a ke jin Gbagyi, da na Bajju, da na Atyap, da na Ham, da na Adara, ga kuma Tibi, da Ibo, da Bayarabe, da Bahaushe. Hausa ce ke haɗa yawancinsu a kasuwa da wurin wasa, amma littafin da a ke miƙa musu a aji galibi na Turanci ne. Watau yaro ɗan shekara shida ya kan gamu da baƙi biyu rana ɗaya: baƙon rubutu, da baƙon harshe. In malami ya yi tambaya, sai yaron da ke cika gida da surutu ya sunkuyar da kai ya yi gum. Bayan 'yan watanni a ce daƙiƙi ne, alhali kuwa ba a taɓa tambayarsa da harshen da zai iya amsawa ba.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da dokar ilmin tushe ta 2004, sun buɗe wa yara ƙofar makaranta. Amma shiga aji dabam, iya karatu dabam. Cikin 2022 Bankin Duniya, tare da waɗansu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Duk abin da zai buɗe bakin yaro a gaban littafi tun ran farko ya cancanci shugabanni su dube shi.

2. Ire-iren Littattafan Da Masu Yinsu

Littattafan hoto marasa rubutu sun fara yawaita ne a Turai da Amurka cikin shekarun 1960. Da yawa daga cikinsu suna magana a kan abu guda, shi ne ikon da Allah ya ba ɗan Adam na suranta abu a zuci tun bai gan shi da ido ba, sa'an nan ya ƙago shi da hannunsa. Misalai huɗu za su isa.

Cikin 1967 wata mai zane a Italiya, Iela Mari, ta fitar da ɗan littafi a kan jan balan-balan. Yaro ya hura cingam, ya kumbura, ya tashi sama ya zama balan-balan. Balan-balan ya rataya a reshe ya zama tuffa, tuffa ta faɗo ta tsage ta zama malam-buɗe-littafi, shi kuma ya sauka cikin ciyawa ya zama fure, daga ƙarshe furen ya zama laima a hannun yaron. Jan abu guda ne ke sauya kama shafi bayan shafi, mai kallo kuwa ba ya iya haƙuri sai ya yi ƙoƙarin cinkar abin da zai zama nan gaba.

Cikin 2010 Bill Thomson na Amurka ya fitar da Chalk, watau Alli. Yara uku suka tsinci jakar alli a filin wasa ana ruwa. Ɗaya ta zana rana a ƙasa, sai rana ta fito. Ta biyu ta zana malam-buɗe-littafi, sai suka tashi fir. Na uku ya zana wani ƙaton dodo, irin dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, sai dodon ya miƙe ya bi su da gudu. Yaron bai tsira ba sai da ya zana hadari, ruwa ya sauko ya narkar da dodon. Ba a rubuta wa'azi ko ɗaya ba, amma ko wane yaro zai gane cewa abin da hannu ya ƙago yana iya zama alheri, yana iya zama masifa, maganinsa kuma sai an sake yin tunani.

Cikin 2013 Aaron Becker ya fitar da Journey, watau Tafiya. Wata yarinya ce kaɗaici ya dame ta, mutanen gida kowa na harkar gabansa. Ta ɗauki jan alƙalamin zane, ta zana ƙofa a bangon ɗakinta, ta buɗe ta shiga wata duniya. Da ta iske kogi sai ta zana kwalekwale, da ruwa ya ƙare mata sai ta zana abin tashi sama. Ta kuɓutar da wani tsuntsu daga keji, aka kama ta sabo da haka, tsuntsun kuma ya komo ya cece ta, ya kai ta wurin yaron da ya zana shi, suka zama abokai.

Na huɗu shi ne na Jerry Pinkney, Baƙar fatar Amurka, wanda cikin 2009 ya zana tsohuwar tatsuniyar zaki da ɓera, ya ajiye ta a dajin Serengeti na Afirka ta Gabas. Ban da kukan dabbobi ba rubutu a ciki. Cikin 2010 ya sami lambar girma ta Caldecott, wadda Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ke bayarwa ko wace shekara tun 1938 ga littafin yara mafi kyawun zane. Wannan ya nuna cewa masana ba su ɗauki irin waɗannan littattafai abin banza ba.

3. Abin Da Gwaji Ya Nuna

Abu na farko shi ne littafin ba ya zaɓen harshe. Akwai wani ɗan tsibiri na Italiya cikin Bahar Rum mai suna Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili, inda jiragen 'yan gudun hijira daga Afirka da Gabas ta Tsakiya ke yawan sauka, har da yara. Cikin 2012 hukumar littattafan yara ta duniya da a ke kira IBBY, wadda aka kafa a Zurik cikin 1953, ta nemi rassanta su aiko da littattafai marasa rubutu don a kafa ɗakin karatun yara a tsibirin. Tarin farko ya haura littattafai 100 daga ƙasashe fiye da 20. Dalili a fili ya ke: ba wanda zai iya tanadin littafi da harshen ko wane yaro da teku ta kawo, amma littafi guda marar rubutu ya ishi ɗan Iritiriya, da ɗan Siriya, da ɗan tsibirin kansa. Ajin da aka ambata a Television ƙaramin misali ne na wannan hali.

Abu na biyu, littafin ma'auni ne na hankalin yaro. Mercer Mayer ya zana wani littafi cikin 1969 a kan yaro da karensa suna neman kwaɗonsu da ya tsere daga kwalba. Masana harshe biyu, Ruth Berman da Dan Slobin, suka sa yara da manya masu harsuna biyar su ba da labarinsa, suka buga sakamakon cikin 1994. Abin da aka gani ya yi kama a dukan harsunan. Ɗan shekara 3 ya kan faɗi abin da ke cikin ko wane hoto shi kaɗai: ga kare, ga kwaɗo. Ɗan shekara 5 ya kan fara jera al'amura, wannan ya auku sa'an nan wancan. Ɗan shekara 9 kuwa ya kan kawo dalili, ya kuma riƙe zaren labarin tun daga ɓatan kwaɗo har ganinsa. Malamin da ya san matakan nan uku yana iya gane inda yaro ya tsaya cikin minti goma, ba tare da jarrabawa ba.

Abu na uku, ba sai uwa ta iya karatu za ta taimaki ɗanta ba. A Khayelitsha, wata unguwar matalauta a gefen birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, an koya wa waɗansu iyaye mata yadda za su zauna da jariransu 'yan wata 14 zuwa 16 suna duban littafin hoto, suna nuna abu, suna kiran sunansa, suna bin abin da ya ja hankalin yaron. An yi mako 8 ana koyarwa. Rahoton da aka buga cikin 2015 ya nuna yaran nan sun fi takwarorinsu da ba a yi wa haka ba yawan kalmomi da iya tattara hankali wuri guda.

4. Abin Ba Baƙo Ba Ne A Ƙasar Nan

Kada a zaci sai da Turawa suka zo mutanen ƙasar nan suka san magana da sura. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen da suka bari. A Nok, cikin ƙasar Ham a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza suka tono surorin yumɓu tun 1928, waɗanda suka haura shekara 2,000 da ƙerawa. Har yau magina suna yi wa fuskar soro ado, masu zayyana suna ƙawata allon sauka, mata suna yi wa ƙwarya zane.

Ba da labari kuma tsohuwar makaranta ce a ko wane gida. Da dare ya yi a kan kewaye tsohuwa, ta kawo labarin Gizo da Ƙoƙi, yara su riƙa ganin abin a zukatansu ba hoto. Frank Edgar ya tara ɗaruruwan irin waɗannan labaru, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A tatsuniya babba ke kawo magana, yaro ya kawo hoton a zuci. A littafi marar rubutu kuwa mai zane ke kawo hoto, yaro ya kawo magana. Ko wanne rabin aikin ya ke barin wa yaro.

Dattawa ba su manta da majigi ba. Cikin shekarun 1950 motar Gwamnati ta kan isa garin hakimi da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan magariba a haska hotunan noma da na tsabta, irin su Baban Larai. A kan sami ma'aikaci guda riƙe da lasifika yana bayyana wa jama'a abin da ke gudana, kuma daɗin majigin daren nan ya dogara ne ga iya bakinsa. Kujerar wannan ma'aikaci ce littafi marar rubutu ke ɗora yaro a kai.

Sunan unguwar Television kansa na akwatin talabijin ne, wanda aka fara watsa shirye-shiryensa a Kaduna cikin 1962. Talabijin, da wayar hannu da ta biyo bayansa, su kan ba yaro hoto da magana gaba ɗaya, su kuma wuce ba su jira shi ba. Shafin littafi kuwa ba ya motsi sai yaro ya juya shi. Yana iya tsayawa, ya koma baya, ya sake shawara.

5. Amsa Ga Masu Shakka

Waɗansu za su ce wannan wasa ne, ba karatu ba. Gaskiya ne littafin ba ya koyar da baƙaƙe, ba kuwa zai maye gurbin littafin koyon karatu ba. Amma karatu ƙafa biyu gare shi: gane baƙi, da gane ma'ana. Ana samun yaron da zai rera shafi duka da baki, a tambaye shi abin da ya karanta ya rasa ta cewa. Littafin hoto ƙafa ta biyu ya ke ƙarfafawa, watau bin labari daki-daki, da cinkar abin da zai biyo, da kawo dalili. Yana kuma koyar da riƙon littafi da juya shafi.

Waɗansu za su ce ƙaga labari koyon ƙarya ne. An taɓa yin wannan muhawara. Sa'ad da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga garuruwa cikin 1933 yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, da yawa sun ga abin na mata da yara ne, bai dace da mai ilmi ba. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani malamin Midil ta Katsina ɗan shekara 22, Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar, ya kuma zama Firayim Minista daga baya. Ƙarya ita ce a faɗi abin da ba haka ba don a yaudari mai ji. Mai ƙaga labari kuwa da shi da mai sauraro duk sun san ƙage ne. Wannan baiwa ce magini ke aiki da ita sa'ad da ya ga soro a zuci tun ba a kwaɓa ƙasa ba, ita ce kuma alƙali ke aiki da ita sa'ad da ya auna yadda al'amari ya auku daga bakin shaidu.

Akwai iyayen da ke ƙyamar surar abu mai rai sabo da addini. Kada a yi musu gardama ko izgili. A kai littafin gaban malamin da suka amince da shi, ya duba ya faɗi ra'ayinsa. In ba su gamsu ba, ana iya zana labari da itatuwa, da gidaje, da motoci, da gajimare.

Shakka ta ƙarshe tana da ƙarfi: yawancin littattafan nan na ƙasashen waje ne. Littafin Raymond Briggs na Ingila, na 1978, a kan mutum-mutumin dusar ƙanƙara, kyakkyawa ne, amma yaron Television bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Kaɗan daga irinsa yana faɗaɗa sani, amma in duka haka su ke yaro zai ɗauka abin cikin littafi ba na irinsa ba ne. Ƙungiyar Book Dash ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa cikin 2014, tana yin littattafan yara da kowa ke da izinin bugawa kyauta, akwai marasa rubutu a cikinsu. Mafi kyau duka shi ne a zana na gida.

6. Yadda A Ke Karantar Da Shi

Rabin sa'a ya isa zama guda. Yara kada su wuce goma, su zauna a tabarma yadda kowa zai ga shafi.

Da farko a nuna bangon littafi, a tambayi yara ko labarin mene ne. Kada a ce da kowa ya yi kuskure.

Na biyu, a bi shafuffuka duka sannu a hankali ba magana, don ido ya sha. Yaron da ya saba da allo zai so ya fara daga dama, sai a nuna masa cewa wannan daga hagu a ke buɗe shi.

Na uku, a koma farko, a tsaya a ko wane shafi da tambaya uku: Me ka gani? Me ka ke tsammani zai faru? Me ya sa ka ce haka? Ta ukun ita ce babba, gama ita ke raba tunani da shaci-faɗi. In yaro ya ce yarinyar tana fushi, a ce ya nuna abin da ya gani a fuskarta ko a tsayuwarta. Bayan tambaya malami ya yi shiru ya jira. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma a nan sau da yawa yaro ke riga babba ganin ɗan ɓeran da ke laɓe a kusurwar shafi, don idon babba ya saba da neman rubutu.

Na huɗu, yaro guda ya riƙe littafin ya ba da labarin duka da harshen da ya fi iyawa. In malami ba ya jin harshen, wani yaro ya fassara da Hausa. Wannan ma darasi ne.

Na biyar, a rubuta abin da yaron ya faɗa, kalma da kalma, da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami. Kada a gyara masa magana ta koma ta manya. Sa'an nan a karanta masa ana bi da yatsa. A nan ne yaro ke gane asirin rubutu, cewa maganarsa ce aka ɗaure a takarda, za ta kuma kwana ta tashi ba ta sake ba. Takardar nan ita ce littafin karatunsa na farko, ba kuwa zai sha wuyarta ba, tun da shi ya faɗe ta.

Na shida, a ba yara alli, ko gawayi, ko fili a rairayi, su zana abin da ya faru bayan shafin ƙarshe.

7. Yadda Za A Yi Na Gida

Farar takarda huɗu, in an naɗe su biyu aka ɗinke tsakiya, sun ba da shafi 16. Kwalin da aka zubar a kasuwa ya isa bango, tela kuwa zai ɗinke shi da keke nan take. Masu zane ba su da wuya: akwai masu rubuta allunan shaguna, da masu yi wa manyan motoci ado, da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta gaji Kwalejin da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi karatu cikin shekarun 1950.

A zaɓi labari daga rayuwar da yara suka sani. Misali, akuya ta tsinke ran kasuwa, ta bi ta tashar mota, ta shiga mota ba a sani ba, ƙaramar yarinya na bin sawunta. Sharuɗɗa huɗu ne. Mai labarin ya zama da alamar da za a gane shi a ko wane shafi, kamar jan ɗankwali. Ko wane hoto ya bar tambayar da hoto na gaba zai amsa. A ɓoye wani ƙaramin abu da ke maimaituwa, kamar ƙadangare, don masu kaifin ido. Shafin ƙarshe kuma a bar shi fari. Kafin a yi kwafi da yawa a gwada shi ga yara biyar. Duk shafin da uku daga cikinsu suka kasa ganewa, laifin zanen ne, a sake shi.

8. Abin Da A Ke Bukata Ga Hakimai Da Malamansu

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu ba su hannun En'e, amma maganar hakimi ba ta faɗuwa ƙasa banza, kuma sarakuna suna da wakilci a kwamitocin kula da makarantu. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, azuzuwan manya sun fi cika ne inda hakimi ya tsaya da kansa. Ga abin da a ke fata yanzu.

Hakimi ya kira shugabannin makarantu, da limamai, da fastoci, da shugabannin mata, ya buɗe littafi guda a gabansu, ya sa wani ƙaramin yaro ya ba da labarinsa. Gani ya kori ji.

A tanadi akwati guda mai littattafai 10 zuwa 20, ya riƙa zagawa tsakanin makarantu da gidajen masu unguwa, kamar yadda a da a ke aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e. Malamin hakimi ya buɗe masa rajista: ranar fita, da sunan mai karɓa, da ranar komowa.

Malamai masu kyakkyawan hannu su ba da sa'a guda a mako don rubuta labarun yara. A yi kwafi biyu, ɗaya yaro ya kai gida, ɗaya a ajiye a ofis, a sa sunan harshen da shekarun yaron a kai. Cikin shekara guda gunduma za ta tara abin karatu da harsunan da ba su da littafin yara ko ɗaya a kasuwa.

A Kaduna musamman, hakiman gaɓar kogi biyu su shirya a ba wata makaranta a Television da wata a Unguwar Sarki ko Kawo littafi iri ɗaya, a rubuta labarun da yaran suka bayar, a yi musaya. Yaran da ba su taɓa zama benci guda ba za su ji yadda waɗancan suka ga hoton da su ma suka gani, da inda suka dace, da inda suka saɓa.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Abin da aikin ke ci bai wuce takarda, da zare, da sa'a guda ta mutum mai haƙuri ba.

Tambayoyi Don Nazari

1. Waɗanne baƙi biyu ne yaro ke gamuwa da su ran da ya shiga aji ɗaya?
2. Me ya sa aka zaɓi littattafai marasa rubutu domin Lampedusa?
3. Yaya labarin ɗan shekara 3 ya bambanta da na ɗan shekara 9?
4. Don me aka hana gyara maganar yaro sa'ad da a ke rubuta ta?
5. Harsuna nawa a ke ji a gidajen yaran makarantar da ta fi kusa da ofishin hakimi, guda nawa ne kuma cikinsu ke da littafin yara?